Taƙama: Ma'anarta Da Asalinta

Ina so in yi magana a kan kalma ɗaya tak, wadda kullum tana bakinmu, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka dube ta. Kalmar nan ita ce taƙama. In ka shiga aji ka tambayi yara ma'anarta, abin da za su ce maka shi ne girman kai ko fahariya, daga nan sai su yi shiru. Ba su yi ƙarya ba, amma sulusin magana kaɗai suka faɗa. Ni a ganina malamin da ya bar yara a kan wannan amsa ya rage musu harshensu, wanda kuwa ya ƙaga wa kalmar asalin da ba shi da shaida, ɓarnarsa ta fi ta na farko. Ga dalilaina, ku auna su da kanku.

Da fari ku dubi yawan sunayen da Bahaushe ya ba tafiya. Jariri ya kan soma da rarrafe, sa'an nan ya miƙe ya yi tata. Maharbi da ɓarawo sanɗa su ke yi. Wanda ƙaya ta soka yana ɗingishi, wanda jiri ya ɗiba yana tangaɗi. Manzon da aka aika da gaggawa yana sassarfa, budurwa ran Salla tana rangwaɗa, wanda ya taso daga wani gari a ƙasa don ya gai da kai ya yi tattaki. Bayan waɗannan kuma akwai kalmomin da ke kwatanta motsi, irin su saɗaf-saɗaf, da taga-taga, da tinƙis-tinƙis, da buguzum-buguzum, da bazar-bazar ta mai babbar riga. In ka ce mutum ya tafi, abu ɗaya ka faɗa. In ka ce ya tafi saɗaf-saɗaf, ka faɗi tafiyarsa, ka kuma tona nufinsa. To, taƙama 'yar wannan gida ce, a cikinsu ya kamata a fara nemanta.

Wanda ya ke son ganin taƙama da idonsa, sai ya tsaya bakin hanya ran hawan Salla a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Damagaram. Dawakin samari za su wuce da sukuwa, su yi zamiya a gaban fada, ƙura ta turnuƙe. Dokin babban mutum kuwa ba haka ya ke zuwa ba. Yana tahowa a hankali, ya tanƙware wuya, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa kamar mai ƙidaya, taku gajere gajere, mai shi yana bisa ko rawaninsa bai girgiza ba. Wannan tafiya ita masu dawaki ke kira taƙama, kuma yabo ce a bakinsu. Ku lura da wannan da kyau, gama a nan hujjata ta ke. Doki ba shi da baki balle ya yi fahariya, ba ya da asalin da zai ƙirga wa mutane, ba ya da dukiya. Duk da haka yana taƙama. Ashe ke nan kalmar tana iya tsayawa a kan ƙafafu kaɗai, ba tare da wani hali na zuciya ba.

Daga doki sai mai doki. Sarki in ya sauka yana tafiya a ƙasa, ba ya sauri, dogarai kuwa suna kewaye da shi suna cewa takawa sannu. Har ma kalmar Takawa ta zama kamar suna ga Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014. Wannan tafiya tana da dalilinta. Mutumin da ya sha riguna bisa riguna, ya yafa alkyabba, ya naɗa rawani, ya sa takalmin gashin jimina, irin wanda tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa ne ya fara sawa a zamaninsa, watau 1463 zuwa 1499, ba shi da halin gaggawa ko da yana so. Ban da nauyin tufafi kuma akwai nauyin jama'a. In aka ga sarki yana sauri, sai hankalin gari ya tashi, a ce lalle wani abu ya faru. Tafiyarsa ta sannu labari ce ga talakawa cewa ƙasa lafiya. Wannan ita ce ma'ana ta farko: tafiya ta ƙasaita, a hankali, wadda ta dace da mai yin ta.

Ma'ana ta biyu ta fito ne sa'ad da wanda tafiyar ba tasa ba ce ya are ta. Yaron da ya sami sabuwar riga ya bi tsakiyar kasuwa yana jan ƙafa, yana buɗa hannuwa, yana duban mutane ɗai ɗai ko sun gan shi, motsin jikinsa bai bambanta da na fada ƙwarai ba. Abin da ya bambanta shi ne, babu nauyin da ya ke ɗauke da shi. Jama'a sai su ce, "Dubi wane yana taƙama," da ba'a. Da aka daɗe ana faɗin haka, sai kalmar ta bar ƙafa ta koma zuciya, har ya zama mutum yana zaune a kan tabarma, bai motsa ba, a ce yana taƙama don irin maganar da ke fita bakinsa. A nan ne ta haɗu da alfahari, da homa, da tinƙaho, da jiji da kai. Wannan ma'ana ita ce yaranmu suka sani.

Akwai kuma ta uku, wadda mu ke faɗa kullum ba mu lura ba. In faɗa ya haɗa mutum biyu, ɗaya ya kan ce, "Da me ka ke taƙama?" Ba tafiyarsa ya ke tambaya ba, abin da ya dogara gare shi ya ke tambaya, ko ƙarfi, ko kuɗi, ko ubangida. Haka kuma uba ya kan ce wa ɗansa na kirki, "Da kai mu ke taƙama," babu zargi ko kaɗan a ciki. Garin da ya ke da malami masani, ko maƙeri gwani, ya kan kira shi abin taƙamarsa. Wannan ma'ana ma ba ta yi nisa da ta farko ba, don ba mai tafiya a hankali cikin taro sai wanda ya san akwai abin da ya tsaya masa. Maras gata rakuɓewa ya ke yi, ya bi gefen hanya.

Wani zai tambaya, me ya sa na ce tafiya ce ta riga, hali ya biyo baya, ba akasin haka ba? Amsa ita ce, haka ɗabi'ar harshenmu ta ke. Bahaushe in zai ba halin zuciya suna, jiki ya ke dubawa. Mu kan ce girman kai, da taurin kai, da hura hanci, da ɗaga kafaɗa, da sanyin jiki, da sakin fuska, da zurfin ciki. Dukansu abin da ido ya gani aka ɗauka aka ba abin da ido bai gani ba. Ku dubi kuma abin da aka yi da kalmar taka. Mai hankali yana taka tsantsan, mai laifi ya taka doka, mai rabo ya taki sa'a, wanda ya yi ƙoƙari ya taka rawar gani, wanda aka kama a kan laifin wani ya taka sawun ɓarawo, hukuma kuma tana ɗaukar mataki. Ƙafa ce duk ta haifi waɗannan. Mu da muka yi karatun allo da na littattafai mun san Larabci ma haka ya ke. Sira, wadda mu ke nufin tarihin rayuwar mutum da halinsa, daga fi'ilin tafiya ta fito. Mazhaba asalinta wurin da aka bi aka tafi, ɗariƙa hanya ce, shari'a kuma hanyar da ke kai wa ga mashaya. Tun da haka al'amarin ya ke, ya fi kusa da hankali a ce taƙama ta taso daga barga da fada ta shiga zuciya, da a ce daga zuciya ta taso ta hau doki.

Yanzu sai maganar asalin lafazin kansa, inda na ke ganin mu masu shirin koyarwa muka fi bukatar taka tsantsan. Bayani biyu a kan ji a bakin mutane. Na farko, waɗansu su kan ce ai a fili ta ke, taƙama daga taka ta fito, tun da duka biyu aikin ƙafa ne. Maganar tana da daɗin ji, amma ku furta kalmomin biyu a hankali. Taka da k ta ke, taƙama kuwa da ƙ mai ƙugiya. Waɗannan haruffa biyu ba sa musanya wuri haka kawai a Hausa, in sun musanya ma'ana ta kan canja sarai. Kafa dabam, ƙafa dabam. Baki dabam, baƙi dabam. Haka kura da ƙura, da kare da ƙare, da saka da saƙa. Ku ƙirga 'ya'yan taka kuma, watau taku, da takawa, da mataki, da matakala, da tattaki: babu ɗaya cikinsu da ya ɗauki ƙugiya. Sa'an nan ina aka sami ma ɗin da ke ƙarshe? Hausa ba ta ƙara ma a bayan fi'ili don ta yi sunan aiki. Ma ɗin da mu ke ji a ƙarshen Galadima, da Ciroma, da Yarima, ta Barebari ce, kuma mutum mai riƙe da muƙami ta ke nunawa, ba irin tafiya ba. Abin da ya sa wannan bayani ya sami shiga shi ne rubutu maras ƙugiya. Wanda ya saba ganin kalmar an rubuta ta da k, idonsa zai ruɗi kunnensa.

Bayani na biyu ya fi na farko kwarjini, don da rawani ya ke zuwa. A kan ce Larabci ce, a jingina ta ga ƙama, watau tsayin mutum, ko ga istiƙama, watau tsayuwa daidai. Masu faɗin haka suna da abin da ya ja su. Kalmomi da yawa da muka ara daga Larabci da ta su ke farawa, kamar tafsiri, da tarihi, da tauhidi, da tawakkali. Harafin ƙaf na Larabci kuma sau da yawa ya kan zama ƙ a bakinmu, kamar a alƙali, da alƙalami, da alƙibla, da taƙawa. Amma wannan bai isa hujja ba. Ƙafa, da ƙasa, da ƙarfe, da ƙashi duk suna da ƙ, ba kuwa wanda ya ce daga Makka aka kawo su. Ƙaf ɗin ma ba kullum ya ke zama ƙ ba, ga alkama nan da k ta ke, alhali da ƙaf ta ke a Larabci. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ma'ana. Larabawa suna da sunayensu na wannan irin tafiya, waɗanda mu ke gamuwa da su a littattafai, su ne tabakhturi, da khuyala'u, da marahu. Babu ɗaya cikinsu da ya yi kama da taƙama. Istiƙama kuwa yabo ce tsantsa ta addini, mun kuma are ta dabam da sunanta da ma'anarta. Wanda ya ce ita ce ta rikiɗa ta zama tafiyar doki, a kansa kawo shaida ya ke.

Kada wani ya zaci ina ƙyamar aro. Harshen da ba ya aro harshen mutanen da ba sa fita ne, Hausawa kuwa fatake ne tun fil azal. Abin da na ke cewa shi ne, kamannin sauti mugun shaida ne, yana rantsuwa a kan ƙarya, yana kuma ɓoye gaskiya. Ku ɗauki littafi. Wa zai ji wannan kalma ya ce ita ce alkitabu ta Larabci? Ga shi kuwa ita ce. Kasuwa ma asalinta suƙ ce ta Larabawa, amma ta Barno ta biyo, Barebari suka mai da ita kasugu kafin ta iso mu, kamar yadda wani masani, Joseph Greenberg, ya nuna a 1960. Waɗannan ba su yi kama da iyayensu ba, amma 'ya'yan halal ne. Ga kuma akasin haka, a kan kalmar da ta shafe mu duka, watau boko. Shekara da shekaru ana faɗa, har ana bugawa, wai daga buk ta ke, sunan littafi da Ingilishi. A 2013 Paul Newman, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya bi diddigin maganar ya nuna boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar amaryar boko da a kan fitar a madadin ta gaskiya. Iyayenmu ne suka laƙaba wa karatun Turawa wannan suna don ba su amince da shi ba. Ku ga abin da bayanin ƙarya ya yi: ya shafe wani babi na tarihinmu, ya mai da hukuncin da kakanninmu suka yanke ya zama kamar kuskuren furuci.

Don haka ina ganin duk wanda zai faɗi asalin kalma a gaban yara, sai ya kawo shaidu uku, kamar mai ƙara a gaban alƙali. Na ɗaya sauti: ya nuna waɗansu kalmomi da suka canja ta wannan hanya, kamar yadda al ta Larabci ta zama l a littafi, da labari, da lahira. Na biyu ma'ana: ya nuna yadda ta taso daga can ta iso nan, mataki mataki. Na uku hanya: su wa suka kawo kalmar, malamai ne, ko fatake, ko masu sarauta? In ɗaya ya ƙi zuwa, shari'a ba ta yanku ba. Bayanan nan biyu na taƙama, na farko ya faɗi a kan sauti, na biyu ya faɗi a kan ma'ana. Abin da shaidu suka tsaya a kai shi ne asalin ma'anarta, watau tafiya, shi ne kuwa ya fi amfani ga mai koyarwa.

Na san akwai cikinmu wanda zai ce, "Wannan duk wahalar banza ce. Ga lissafi, ga labarin ƙasa, ga kiwon lafiya, sa'an nan mu zauna muna tsefe kalma ɗaya? Yaro in ya san taƙama ba kyau, ai ya wadatar." Maganar tana da ƙamshin gaskiya, gama lokacin aji kaɗan ne, ba kuwa ko wace kalma za a yi wa haka ba. Amma yaron da aka koya wa cewa taƙama girman kai ce kawai, ran da kakansa ya ce masa da kai mu ke taƙama, ko ran da ya ji an yabi doki da ita, me zai fahimta? Ko dai ya ruɗe, ko ya ɗauka tsofaffi ba su iya Hausa ba, shi ne ya iya. Wannan na biyu shi ne ciwon da a ke zargin 'yan makaranta da shi tun da aka fara boko. Sa'an nan yaron da ya saba tambayar shaida a kan kalma, zai tambaye ta a kan jita-jita, da maganin da a ke talla a kasuwa, da ƙididdigar da aka kawo masa. Ashe darasin bai tsaya ga Hausa ba.

Har wa yau, ko a wajen addini ba daidai ba ne a ce wa yaro motsin jiki shi kansa shi ne laifin. Gaskiya ne an hana tafiyar girman kai a Suratul Isra'i, aya 37, da Suratu Luƙman, aya 18, aya ta 19 kuma ta yi umurni da tsakaitawa cikin tafiya. Amma ku tuna abin da masu sira suka ruwaito ran yaƙin Uhudu, shekara 3 bayan Hijira, watau 625. Abu Dujana ya karɓi takobi daga hannun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ɗaura jan ƙyalle a ka, ya fita tsakanin rundunoni biyu yana taƙama. Aka bayyana cewa irin wannan tafiya abin ƙi ce, sai fa a wuri irin wannan. Haka kuma a shekara 7 bayan Hijira, sa'ad da Musulmi suka je Umra, Ƙuraishawa suka ce zazzaɓin Madina ya raunana su, sai aka umurce su su yi sassarfa a zagaye uku na farkon ɗawafi, don a ga ƙarfinsu. Maza suna yin wannan sassarfa har yau. Ke nan abin da a ke dubawa shi ne wuri da niyya. Bahaushe da ya bar kalma ɗaya ta ɗauki yabo da zargi, ya gane wannan sarai.

Wannan ya kawo ni kanmu. Ba da daɗewa ba za a rarraba mu, wani birni, wani ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Ran da malami ya sauka a gari, kafin ya buɗe baki an riga an karanta shi, don dattawan da ke zaune a gindin bishiya tafiyarsa su ke kallo. Za su ga ko ya rage sauri da ya iso kusa da su, ko ya tuɓe takalmi, ko ya rusuna, ko kuwa ya wuce ya soke hannu a aljihu yana duban sama. Da yamma za a yanke masa hukunci da kalmar nan tamu, hukuncin kuwa shi zai sa a ba shi yara ko a hana shi. A littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya juya zuwa Larabci wajen shekara ta 750, akwai labarin hankaka da ya ga tafiyar makwarwa ta ba shi sha'awa. Ya yi ta koyo bai iya ba, da ya so komawa tasa kuma sai ya tarar ya mance. Malamin da ya aro tafiyar da ba tasa ba, ya bar ta gidansu, haka zai zama, bai yi kwarjinin manya ba, bai kuma sami ƙaunar talakawa ba. Ba ina nufin malami ya riƙa rakuɓewa kamar maras gaskiya ba, gama yara ba sa girmama wanda bai girmama aikinsa ba. Ya yi tafiyar mutumin da ya san inda za shi, in kuwa aka tambaye shi da me ya ke taƙama, ya zama yana da amsa: yaran da ya koya wa karatu har suka iya.

To, don kada magana ta tsaya a baki, ga shawarwari da na ke miƙa wa 'yan'uwa da malamanmu. Na farko, in za mu koyar da kalmomin tafiya, mu fita da yara fili. Wannan ya yi sanɗa, wancan ya yi ɗingishi, wani ya yi taƙamar doki, sauran su faɗi sunan abin da suka gani. Abin da yaro ya taka da ƙafarsa ba ya mantawa, bayan haka ne za a hau da shi zuwa ma'ana ta biyu da ta uku. Na biyu, mu dage a kan ƙugiya a allo da cikin littattafan yara. Tun shekarun 1930 aka shigo da haruffan nan uku, ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, kuma mun ga yadda rashin ƙugiya guda ya haifi asalin ƙarya. Na uku, in hutu ya zo, ko wannenmu ya komo da kalmomi 10 na tafiya daga garinsu, ko wace da jimlar da ya ji ta ciki, da sunan garin. Ya tambayi masu kiwon dawaki, da maharba, da tsofaffin mata, don a wurinsu irin waɗannan kalmomi suka fi zama. Basakkwace zai kawo abin da Bakano bai sani ba, Bazazzagi ya kawo abin da Badauri bai taɓa ji ba. Bargery ya fitar da ƙamus nasa a 1934, Abraham ya fitar da nasa a 1949, dukansu baƙi ne, da tambayar Hausawa suka tara abin da suka tara. Mu da muka sha harshen a nono, ba mu da hanzarin da za mu kawo in muka kasa tara ɗari biyu ko uku, a buga su a shafuffukan nan.

Ina roƙon wanda ya ke da hujjar da ta fi tawa, musamman malamanmu na Larabci da na Hausa, ya rubuto a fitowa ta gaba, ya zo da shaidunsa uku, mu ƙaru gaba ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah shi ba mu ilmi mai amfani, shi daidaita takunmu.